Koriyar Rigar Asil: Tarihin Yaran da Suka Nemi Sulhu Tsakanin Falasɗinawa da Yahudawa

  

Idan aka ambaci yaran Falasɗinu, hoto biyu ne ke faɗo mana a rai a nan Sakkwato: yaro riƙe da dutse a gaban tankar yaƙi, ko yaro naɗe cikin likkafani. Duka biyun gaskiya ne. To amma akwai wasu yaran da ba kasafai ake kawo mana labarinsu ba, ko a huɗubar Juma'a ko a saƙonnin da muke tura wa juna ta waya. Su ne waɗanda suka zauna da 'ya'yan ɗaya ɓangaren, suka ci abinci tare, suka yi gardama har da hawaye, suna neman sulhun da ya gagari iyayensu. Tarihinsu nake son in ba ku, domin a cikinsa akwai amsar tambayar da ɗalibaina na manyan azuzuwa kan yi mini: shin wanda ya zauna da abokin gaba ya ci amanar mutanensa ne?

A watan Fabrairun 1993 aka tayar da bam a ƙarƙashin Cibiyar Kasuwanci ta Duniya da ke birnin New York. Wani ɗan jarida Ba'amurke mai suna John Wallach, wanda iyayensa Yahudawa ne da suka tsero daga Jamus zamanin Hitila, ya ce shi dai ya gaji da ba da rahoton kisa. Sai ya nemi Isra'ila da Masar da ƙungiyar PLO kowa ya ba shi samari ƙanana, ya kai su wani sansani a bakin tafki a jihar Maine ta Amurka. Yara 46 ne suka fara zuwa a daminar wannan shekara. Aka sa wa shirin suna Seeds of Peace, wato Irin Zaman Lafiya, kuma kowane yaro aka ba shi koriyar riga iri ɗaya. Allah cikin ikonSa, sai abin ya dace da yarjejeniyar Oslo. Ranar 13 ga Satumba, 1993, lokacin da Yasir Arafat da Yitzhak Rabin suka yi musafaha a fadar White House, waɗannan yara na cikin taron da rigunansu, har Shugaba Clinton ya ambace su a jawabinsa.

Kada mai karatu ya ɗauka wasan ƙwallo da ninƙaya kawai ake yi a wurin. Makonni kusan uku ake yi, ɗakin kwana a gauraye, kuma kullum akwai zaman tattaunawa na sama da awa guda. A nan ne yaron da aka rushe gidan kakansa zai fuskanci yarinyar da bam ya tashi da motar unguwarsu. Shekarar 1948, wadda ɗaya ya koya a makaranta a matsayin shekarar samun ƙasa, ɗayan Nakba yake kiranta, wato babbar musiba. Akan tashi zama ba mai yi wa wani magana, sannan da dare a kwana gado kusa da gado. A 1998 wasu daga cikinsu suka taru a garin Villars na Suwizalan, suka zauna kan batutuwan da manya ke ta ɗagewa, irin su Ƙudus da 'yan gudun hijira da iyakoki, suka rubuta tasu takardar yarjejeniya, aka kai ta Majalisar Ɗinkin Duniya. Ba wanda ya yi aiki da ita.

Cikin waɗanda suka je sansanin a 1997 akwai Asil Asleh, yaro ɗan shekara 14 daga garin Arraba a yankin Galili. Shi Bafalasɗine ne, Musulmi, daga cikin waɗanda kakanninsu ba su bar ƙasarsu a 1948 ba, don haka takardar zama ɗan ƙasar Isra'ila yake riƙe da ita. Irin waɗannan sun kai kusan kashi ɗaya cikin biyar na mutanen Isra'ila, kuma yawancinmu ba mu ma san da su ba. Garinsu kuwa ba baƙon jini ba ne. Yana cikin garuruwan da aka kashe mutane ranar 30 ga Maris, 1976, a zanga-zangar ƙin ƙwace filaye, ranar da har gobe Falasɗinawa ke kira Yaumul Ard. Asil ya iya Larabci da Ibrananci da Ingilishi, kuma ma'abocin kwamfuta ne tun lokacin da intanet bai yaɗu ba. Bayan ya dawo gida sai ya zama mai yawan rubuta wa abokansa na ɓangarorin biyu wasiƙu, yana ziyartar gidajensu, yana shiga tsakani idan gardama ta yi zafi. Bai taɓa ɓoye cewa shi Bafalasɗine ne ba, kuma bai daina faɗin zaluncin da ake yi wa mutanensa ba. Abokansa Yahudawa sun ji wannan daga bakinsa, ba daga rediyo ba.

Ranar 28 ga Satumba, 2000, Ariel Sharon ya shiga harabar Masallacin Ƙudus da ɗaruruwan jami'an tsaro, Intifada ta biyu ta ɓarke. Bayan kwana biyu duniya ta ga hoton Muhammad Durra, ɗan shekara 12, yana laɓe a bayan mahaifinsa a Gaza har harsashi ya same shi. Larabawan cikin Isra'ila su ma suka fito zanga-zanga. Ranar 2 ga Oktoba aka yi ta a mashigar Arraba, Asil yana wurin, sanye da koriyar rigarsa. Waɗanda suka gani da ido sun ce 'yan sanda sun bi shi da gudu cikin wata gonar zaitun, ya faɗi, aka harbe shi a wuya daga kusa. Shekararsa 17, ba makami a hannunsa. Da wannan riga aka binne shi. Inna lillahi.

Mutum 13 'yan sanda suka kashe a waɗannan kwanaki. Gwamnati ta kafa kwamitin bincike ƙarƙashin Mai Shari'a Theodor Or, wanda ya miƙa rahotonsa a Satumbar 2003, ya kuma soki 'yan sanda kan amfani da harsashi mai kisa ba bisa dalili ba. Sai me? A 2005 sashen binciken 'yan sanda ya ce ba shi da isasshiyar shaida. A Janairun 2008 babban lauyan gwamnati, Menachem Mazuz, ya rufe fayil ɗin baki ɗaya. Ba ɗan sanda ko ɗaya da aka gurfanar. Abokan Asil Yahudawa sun je gidansu ta'aziyya, sun yi kuka na gaskiya, wasunsu sun yi ta rubuce-rubuce suna neman a yi adalci. Kukansu bai buɗe ƙofar kotu ba.

Adalci ya wajabta mini in kawo ɗaya ɓangaren, ko da zai yi wa wasu ɗaci. Ranar 4 ga Maris, 1996, ɗan ƙunar baƙin wake ya tayar da bam a bakin cibiyar kasuwanci ta Dizengoff a Tel Aviv, mutum 13 suka mutu, da yawansu yara ne da suka fito bikinsu na Purim. Cikinsu akwai Bat-Chen Shahak, wadda a ranar ta cika shekara 15 a lissafinsu. Bayan mutuwarta iyayenta suka tarar da littattafanta cike da waƙoƙi da rubuce-rubucen begen zaman lafiya da Larabawa. An buga su, an fassara su har da Larabci, iyayen kuma suka shiga ƙungiyar da ta haɗa iyalan Yahudawa da na Falasɗinawa waɗanda aka kashe wa 'ya'ya, wadda aka kafa a 1995. Mu da muka karanta wasiyyar Sayyidina Abubakar (RA) ga rundunar da ya tura Sham, inda ya hana kashe yara da mata da tsofaffi, ba mu da wata mafaka a nan. Kisan yarinyar nan haramun ne, kamar yadda kisan Asil yake haramun.

Me waɗannan haɗuwowi suka haifar? Akwai wani fim na gaskiya mai suna Promises da ya fito a 2001, wanda ya bi yara bakwai a Ƙudus da kewayenta. Tsakanin gidajensu tafiyar minti ashirin ce, amma ba su taɓa ganin juna ba. A ƙarshe aka kai wasu tagwaye Yahudawa sansanin 'yan gudun hijira na Dehesha kusa da Baitalami, suka wuni da yaran wurin, suka yi ƙwallo da kokawa, suka ci abinci. Da yamma wani yaro mai suna Faraj, wanda da farko shi ne ya fi kowa ƙin haɗuwar, ya fashe da kuka. Dalilinsa shi ne ya san da zarar masu ɗaukar fim sun tafi, zumuncin ya ƙare, domin akwai shingen sojoji a tsakaninsu. Haka kuwa aka yi. Bayan 'yan shekaru tagwayen suka shiga aikin soja na tilas. Hawayen Faraj, a ganina, sun fi sharhin masana da yawa gaskiya. Su ma masanan abin da suka gano ke nan: Juliana Schroeder da Jane Risen sun bi yaran sansanin Maine, suka ga zukata na yin laushi a ƙarshen zama, musamman ga wanda ya yi aboki ko da guda ɗaya, amma bayan an koma gida laushin na raguwa, ko da yake ba ya gushewa gaba ɗaya.

Saboda haka ne Falasɗinawa da yawa, musamman bayan kafuwar yunƙurin ƙaurace wa Isra'ila a 2004 da 2005, suka ƙi irin waɗannan shirye-shirye, suna kiransu taɗbi'i, wato mayar da mamaya kamar ba komai ba. Hujjarsu tana da ƙarfi. Sukan ce ana zaunar da ɗan mai gida da ɗan wanda ya ƙwace gidan, a ɗauke su hoto suna murmushi, a nuna wa duniya, alhali gida na nan a hannun wanda ya ƙwace. Na yarda da rabin maganar. Inda na rabu da su shi ne ɗora laifin kan yaran. Masu tsattsauran ra'ayi ma sun san haɗuwar yara ba wasa ba ce. Makarantun Hand in Hand, waɗanda Balarabe Amin Khalaf da Bayahude Lee Gordon suka assasa a 1997, suna koyar da yaran ɓangarorin biyu a aji ɗaya da Larabci da Ibrananci. Daren 29 ga Nuwamba, 2014, wasu samari 'yan ƙungiyar Lehava suka cinna wa ajin 'yan aji ɗaya wuta a reshen Ƙudus. Ba a ƙona abin da ba a tsoro.

Ma'auninmu yana cikin Sira. Manzon Allah (SAW) yana matashi ya halarci Hilful Fudul a gidan Abdullahi ɗan Jud'an, tare da mutanen da a lokacin gumaka suke bauta wa, kuma bayan Annabci ya bayyana cewa da za a kira shi zuwa irinsa zai amsa. To amma mene ne dalilin wannan zama? Wani baƙo ne daga Yaman, Al-As ɗan Wa'il ya karɓi hajarsa ya hana shi kuɗi, sai suka yi alƙawarin tsayawa tare da wanda aka zalunta har a mayar masa da haƙƙinsa, kuma suka je suka karɓo. Zama da wanda ba addininku ɗaya ba halal ne, ziyararsa ma haka, kamar yadda ya tabbata a Bukhari cewa Annabi (SAW) ya je duba yaron Bayahuden da ke yi masa hidima. Aya ta 8 ta Suratul Mumtahana da aya ta 8 ta Ma'ida sun isa hujja kan kyautatawa da adalci. Sai dai zaman da Annabi (SAW) ya yaba, haƙƙi ya dawo a ƙarshensa. Wannan rabin ne yara ba su da ikonsa. Asil ya yi nasa rabin har da ransa, manya masu kotu da bindiga da kujerar mulki suka ƙi yin nasu.

Abin ya shafe mu ta wata fuska kuma. Yawancin yaran Sakkwato ba su taɓa ganin Bayahude ba, amma kalmar ta zama zagi a bakinsu, ana jifan duk mai wayo ko marowaci da ita. Wanda suke gani kullum shi ne ɗan maƙwabcinsu Kirista, wanda mahaifinsa ke da shago a titin Emir Yahaya ko Ahmadu Bello Way. Mun ga abin da ya faru a Kwalejin Ilimi ta Shehu Shagari ranar 12 ga Mayu, 2022, lokacin da ɗalibai suka ɗauki doka a hannunsu suka kashe 'yar uwar karatunsu bisa zargin ɓatanci, fadar Sarkin Musulmi ta yi tir da kisan, daga baya gari ya kwana cikin dokar hana fita. Matasa ne suka yi wannan, a garin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya adana mana a Infaƙul Maisuri wasiƙun da shi da Shehu suka yi musaya da Shehu Al-Kanemi na Borno, ana kawo hujja ana mayar da hujja, alhali ana cikin yaƙi.

Bayan harin 7 ga Oktoba, 2023, wanda aka kashe kimanin mutum 1,200 a Isra'ila, da yaƙin da ya biyo baya a Gaza, inda aka kashe dubun dubatar Falasɗinawa, cikinsu har da dubban yara, maganar sansani a bakin tafki ta yi nauyin faɗa. Tsararrakin Asil yanzu sun haura shekara arba'in, da nasu 'ya'yan. Wasu sun yanke hulɗa, wasu suna nan suna kiran juna a waya idan an yi ruwan bama-bamai, don su ji ko ɗan uwansu na raye. Fayil ɗin yaron da aka harbe a gonar zaitun kuwa yana nan a rufe tun 2008. Allah Ya jiƙansa.