Mudu da Hanya: Ina Haƙƙin Mai Saye Ya Rataya?

Duk lokacin da hatsi ya yi tsada a ƙasar Hausa, abin da aka saba ji daga bakin jama'a shi ne kira ga hukuma da ta yanka farashi ta kuma ja kunnen 'yan kasuwa. Ita kuwa hukuma, da yake wannan ne aiki mafi sauƙi da idon talaka zai gani, takan amsa da gaggawa, kamar yadda ya auku a watan Fabrairu na 2024, sa'ad da hukumar karɓar koke-koke ta Jihar Kano ta garƙame waɗansu ɗakunan ajiya a Dawanau bisa zargin ɓoye abinci. Babu mai musun cewa ɓoye abinci a lokacin yunwa zalunci ne. Amma haƙƙin mai saye ya fi rataya a kan abu biyu da ke wuyan hukuma ita kanta, wato ingancin ma'auni da lafiyar hanya, fiye da farashin da aka yanka da alƙalami.

Malaman fiƙihu ba su bar wannan mas'ala a duhu ba. Ya tabbata cewa kaya sun yi tsada a Madina, Sahabbai suka roƙi Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya ƙayyade musu farashi, bai yi ba. Kuma ko da yake daga baya waɗansu malamai sun yi rangwame a kan tas'iri, wato ƙayyade farashi, idan larura ta matsa, da sharaɗin a shawarci mutanen kasuwa kada a cuce su, ba a taɓa samun saɓani a kan haramcin algus da tauye mudu ba, laifin da aka sanya wa sura guda suna da shi a cikin Alƙur'ani. Don haka ne littattafan hisba, tun daga Ahkamus Suƙ na Yahya ɗan Umar, malamin Malikiyya na Ƙairawan a ƙarni na uku na Hijira, suka ba da ƙarfi ga duba ma'auni da binciken jabu. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello kuwa, a cikin Usulus Siyasa da ya rubuta wa Ummarun Dallaje na Katsina, ya lissafa gyaran kasuwanni da hanyoyi da gadoji cikin abin da ya wajaba a kan shugaba.

Tarihinmu na kusa ya gaskata wannan tartibi. Da jirgin ƙasa ya fara jigila tsakanin Kano da Ikko a 1912, Turawa auduga suka sa wa rai. Amma da fatake irin su Alhassan Ɗantata suka ga abin da gyaɗa za ta kawo muddin akwai abin ɗaukarta zuwa bakin teku, sai manoma suka karkata gare ta ba tare da doka ta tilasta musu ba. Hukumomin sayen amfanin gona da aka kafa, na gyaɗa a 1949 da na Jihar Arewa a 1954, su ne suka riƙa yanka farashi, suka daɗe suna biyan manomi ƙasa da kuɗin kasuwar duniya, har aka rushe irinsu a 1986. Haka dokar ƙayyade farashi ta 1977 da samamen sojoji a kantuna a 1984 ba su haifar da komai ba illa dogayen layuka da ɓacewar madara da sabulu zuwa bayan kanta.

Buhun masara da ya taso daga Saminaka ko Dandume, kafin ya isa hannun mai awo, ya biya kuɗin man da ya ninka tun bayan cire tallafi a ranar 29 ga Mayu 2023, ya biya na shingaye, ya biya na tayar da rami ya fasa, wani lokaci har da kuɗin da manomi ya ba 'yan bindiga kafin su bar shi ya yi girbi. Wanda ya bar waɗannan duka ya tsare dillali a bakin rumfa, haƙiƙa ya kama mai raunin cikinsu ne kawai.

Sai batun ma'auni, wanda a ganina nan ne sakaci ya fi muni. Kundin tsarin mulki ya keɓe sha'anin awo ga gwamnatin tarayya, alhali kuwa mudu da tiya da kwanon da talaka ke cin abinci da su sun bambanta daga kasuwa zuwa kasuwa, har a san mai saye da babba ya sayar da ƙarami, ko ya bubbuge gindin kwano. Mitar lantarki ita ce mudun wannan zamani, amma tun da aka miƙa rarraba wuta ga kamfanoni 11 a watan Nuwamba na 2013, gidaje da shaguna masu ɗimbin yawa ba su da ita, ana kawo musu takarda bisa kintace, wanda mai sayarwa shi kaɗai ya yi. Da an kai wa alƙalin da ya karanci babin ciniki irin wannan mu'amala, da garari zai kira ta. A watan Afrilu na 2024 an ɗaga kuɗin wuta ga rukunin farko na masu amfani da ita zuwa naira 225 kowane ma'aunin wuta, bisa alkawarin sa'a 20 a yini, sai ga shi a watan Oktoba na shekarar yawancin Arewa ta kwana fiye da mako cikin duhu, masana'antun Sharaɗa da Challawa da Bompai suka koma kan gas, suka ɗora kuɗinsa a kan kayansu.

Dokar da aka sa wa hannu a 2019 ta kafa hukumar tarayya mai kula da gasa da kare masu saye, ta ba ta ikon bincike da cin tara. Ikon nan zai yi amfani gwargwadon yadda aka juya shi ga masu sayar da wuta da mai da magani, aka kuma yarje wa jihohi su fitar da mudu guda mai hatimi, a ajiye asalinsa wurin sarkin kasuwa, inda duk mai shakkar awon da aka yi masa zai je ya gwada.