Daga Randa Zuwa Disfensa: Tarihin Ruwan Da Muke Sha

A yau idan muka shiga banki ko ofis, da wuya mu rasa ganin disfensa a kusurwa, an kifa mata shuɗiyar gora a ka, ga famfon sanyi ga na zafi. Gidaje ma sun fara saye. Mukan ɗauke ta baƙuwa, alhali sanyaya ruwa da kawo shi har ƙofar gida abubuwa ne da kakanninmu suka daɗe da sani.

Randa ita ce na'urarmu ta farko. Jikinta na yumɓu yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani, ruwa yana tsatsafowa ta cikinsu, iska na busar da shi, zafin da ke ciki yana tafiya tare da shi. Shi ya sa iyayenmu mata suke girke ta a inuwa kan jiƙaƙƙen yashi, su turara ta da ƙajiji, su rufe ta da faifai, su ɗora moɗa a kai. Wannan hikimar ce Malam Mohammed Bah Abba, wanda ya koyar a Dutse ta Jihar Jigawa, ya sabunta: ya sa tukunya cikin tukunya, da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, don adana kayan miya ba tare da lantarki ba. Aikin ya jawo masa kyautar Rolex a shekarar 2000.

Shi kuwa kawo ruwa, aikin ɗan garuwa ne. Da tulu aka fara, sai zuwan Turawa ya kawo garwar kananzir mai cin galan huɗu, wato kusan lita 18. Ɗan garuwa ya rataya biyu a sanda, ya saɓa a kafaɗa, yana bi lungu-lungu. Abin sha'awa, gorar disfensa ta yau lita 19 take ci, kusan daidai da garwa guda. Daga baya jarkoki da kura suka maye gurbin sanda.

An taɓa sa ran famfo zai raba mu da wannan wahala. A farkon shekarun 1930, zamanin Sarkin Kano Abdullahi Bayero, aka jawo ruwa daga kogin Challawa zuwa cikin birni, daga baya gwamnatin Audu Bako ta gina madatsar Tiga a farkon shekarun 1970. Sai dai garuruwanmu sun yi ta faɗaɗa, bututu bai bi su ba. Unguwanni da yawa sun tashi ba su taɓa jin kukan famfo ba, ɗan garuwa ya ci gaba da cin kasuwarsa.

Mu kuma faɗi gaskiya, randa tana sanyaya ruwa, amma ba ta tsarkake shi. Abin da aka ɗebo daga kududdufi shi za a sha, ko da an jefa alif ya kwanta. Moɗa ɗaya da kowa ke tsomawa kuwa hanya ce ta yaɗa cuta. Dattawanmu ba su manta kurkunu ba, wanda yake kwantar da magidanci a tsakiyar damina gona ta lalace. A ƙidayar da aka yi a ƙarshen shekarun 1980 an samu fiye da mutum 650,000 ɗauke da shi a Najeriya, kuma sai a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar an kawar da shi. Babban makamin da aka yi amfani da shi kuwa shi ne tace ruwa da ƙyalle da haƙa rijiyoyin burtsatse.

Irin wannan tsoron ne ya haifi kakar disfensa a Amurka. Halsey Taylor, wanda zazzaɓin taifod ya kashe mahaifinsa, ya fara ƙera famfunan shan ruwa a 1912, lokacin da ake yaƙi da shan ruwa da kofi ɗaya a wuraren taruwar jama'a. Mu a nan fiyawata ce ta fara zuwa, a shekarun 1990, ta kori ruwan ƙanƙara da ake ƙullawa a leda da hannu. An kafa NAFDAC a 1993, kuma zamanin Dora Akunyili, daga 2001 zuwa 2008, aka matsa wa masu wannan sana'a lamba kan rajista. Mun samu sauƙi, amma ledojinta sun toshe mana kwatoci.

To, duk wanda zai sayi disfensa yau, tambayar da kakarsa take yi wa ɗan garuwa ita zai yi: daga ina ka ɗebo? Mu duba murfin gora ko a liƙe yake, mu duba lambar NAFDAC da kwanan wata, mu ƙi gorar da ta wuni a rana ko wadda aka sake cikawa a bayan shago. Mu san mai kawo mana, mu san masana'antar da yake ɗaukowa. Ita kanta na'urar tana buƙatar wanki a kai a kai kamar yadda ake sāɓe randa, in ba haka ba gansakuka ta taru a cikinta. Mu kuma tuna cewa idan aka ɗauke wuta sanyinta ya tafi, don haka kada mu yi saurin fasa randar tsakar gida.

Akwai abu ɗaya da ya fi ba mu tsoro. A da, a ƙofar gidaje da masallatai akan girke randa don matafiyi da almajiri, ba a tambayar kowa sisi. Yanzu ruwa ya shiga gora, ya samu farashi, ya koma cikin falo. Idan Allah ya hore mana disfensa, mu cika randa guda mu ajiye a zaure, mu sa mata famfo a maimakon moɗa, domin mai wucewa ya samu abin jiƙa maƙoshi.