Tarihin Akwatin da Ya Koya wa Gidaje Numfashi

Idan ka taɓa kwana a ɗaki mai AC, ƙofa rufe, tagogi rufe, wataƙila ka san wannan: ka yi barci cikin sanyi mai daɗi, amma da safe ka tashi kai ya yi maka nauyi kamar ba ka runtsa ba. Sau da yawa laifin na iskar ɗakin ne. Irin AC ɗin da ake maƙalawa a bango ba ya shigo da sabuwar iska daga waje. Iskar da ke ciki yake sanyayawa, ya mayar maka da ita, ka shaƙa, ka fitar, ya sake sanyayawa. To ka buɗe taga mana? Idan ka buɗe, sanyin da ka biya kuɗin wuta ko kuɗin mai ka samu ya gudu. Gaba kura, baya sayaki.

Mutanen ƙasashe masu tsananin sanyi sun riga mu shiga wannan tsaka mai wuya, sai dai su ɗumi suke tattali. Maganin da suka samo wani akwati ne mai fanka biyu da ake kira HRV a taƙaice, wato na'urar da ke canza iskar gida ba tare da ta bar zafin gidan ya tsere ba. Yau tarihinta za mu bi.

Yaushe aka fara auna lalacewar iska?

A shekarar 1858 wani masanin kimiyya a birnin Munik na Jamus, Max von Pettenkofer, ya ba da ma'aunin da har yau ake amfani da shi. Ya lura cewa iskar kabon dayokzayid da muke fitarwa wajen numfashi tana taruwa a rufaffen ɗaki, don haka yawanta zai iya nuna ko ɗakin na samun sabuwar iska ko ba ya samu. Ya ce idan ta haura kashi 1,000 cikin miliyan, iskar ɗakin ta tsufa. Don ka kwatanta: iskar waje a yau tana ɗauke da kusan kashi 420 cikin miliyan, numfashin da kake fitarwa kuma kusan 40,000. Mutum biyu a ƙaramin ɗaki da aka rufe ruf, ba sa kai tsakar dare sun wuce ma'aunin Pettenkofer.

Amma a zamaninsa, da ma shekaru ɗari bayansa, yawancin gidajen Turai da Arewacin Amurka ba su damu da wannan ba. Gidajen suna yoyon iska ta ko'ina: ƙasan ƙofa, gefen taga, bututun hayaƙi. Iska mai sanyi ta shigo, mai ɗumi ta fice, maigida ya ƙara gawayin kwal ko mai a murhu. Makamashi na da araha, babu wanda ya tsaya lissafi.

1973: shekarar da lissafi ya canza

A watan Oktoban 1973 ƙasashen Larabawa masu arzikin mai suka sanya takunkumin sayar da mai ga wasu ƙasashen Yamma. Cikin 'yan watanni gangar mai ta tashi daga kusan dala 3 zuwa kusan dala 12. Mu nan Najeriya wannan tashin farashi ne ya cika baitulmali a zamanin Janar Gowon, lokacin da iyayenmu ke tunawa da kuɗin Udoji. Can kuwa a Kanada da Suwidin da Amurka, ɗumama gida ya koma abin da ke cinye albashi.

Sai aka dukufa toshe gidaje. Aka liƙe gefen tagogi, aka cusa abin hana zafi fita a bango da rufi, aka rage yawan iskar da ake shigarwa ofisoshi. A Amurka, ƙa'idar ƙungiyar injiniyoyi ta ASHRAE ta shekarar 1981 ta amince da kusan lita biyu da rabi na sabuwar iska a kowace daƙiƙa ga mutum ɗaya, a wurin da ba a shan taba.

Kuɗin makamashi ya ragu, amma an yi gudun gara an faɗa gidan zago. Tururin girki da na wanka da na numfashi ya rasa hanyar fita, ya dinga kwanciya a gilashi da bango, fumfuna ta tsiro. Sinadarin fomaldihayid da ke tashi daga katakon matse da gam ɗin kayan ɗaki ya taru. A wasu yankuna iskar radon, wadda ke fitowa daga ƙasa kuma take biye wa taba sigari wajen haddasa sankarar huhu, ta samu wurin zama. Ma'aikata suka fara kukan ciwon kai, ƙaiƙayin ido da kasala, waɗanda ke lafawa da zarar sun bar ginin. A farkon shekarun 1980 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fara magana kan gine-ginen da ke sa mazaunansu rashin lafiya. A 1989 ASHRAE ta ninka wancan adadi sau uku.

Dabarar da ta daɗe a masana'antu

Tunanin ƙwato zafi daga iskar da za a zubar ba sabo ba ne. Tun 1816 wani limamin coci a Sikotilan, Robert Stirling, ya sanya wa injinsa wani sashe da ke riƙe zafin iska idan ta wuce, ya mayar mata idan ta dawo. A 1920 injiniya Fredrik Ljungström na Suwidin ya ƙirƙiro wani babban faifan ƙarfe mai juyawa a hankali: rabinsa na cikin hayaƙi mai zafi da ke fita daga tukunyar tashar lantarki, rabinsa na cikin iskar da ke shiga. Ƙarfen ya ɗauki zafi a nan, ya sauke a can. Har gobe tashoshin wuta na amfani da shi.

Kai, kafin su duka akwai raƙumi. Binciken Knut Schmidt-Nielsen da abokan aikinsa, wanda aka buga a 1981, ya nuna cewa lunguna masu faɗi da ke cikin hancin raƙumi suna sanyaya numfashin da yake fitarwa kuma suna tsotse danshinsa, sannan su mayar wa iskar da yake shaƙa. Da haka yake rage asarar ruwa a hamada. Abin da ya rage wa injiniyoyi shi ne su ƙera wa gida irin wannan hanci, ƙarami, mai araha.

Gidan Rijaina

A lardin Saskacewan na Kanada, inda sanyin hunturu kan sauka ƙasa da digiri 30 a ƙarƙashin sifili, gwamnatin lardin ta nemi masu bincike su gina gidan gwaji mai amfani da hasken rana. Cikin tawagar akwai injiniya Harold Orr. Da suka yi lissafi sai suka ga tara zafin rana don ɗumama gida mai yoyo kamar ɗibar ruwa ne da kwando. Gara a fara da toshe yoyon. Suka gina gidan kamar fulas ɗin shayi: bango mai kauri sosai, leda mai hana iska ratsawa, tagogi masu gilashi uku, yawancinsu na fuskantar kudu. Aka kammala shi a birnin Rijaina a 1977.

To gidan da aka toshe haka, da me mutanen ciki za su yi numfashi? Nan ne Farfesa Robert Besant na Jami'ar Saskacewan da abokan aikinsa suka shigo. Suka harhaɗa akwati da siraran shafukan leda jere da juna, iskar da ke fita na bin wani layi, mai shigowa na bin na kusa da shi. Wannan na cikin na'urorin farko irinsu da aka sanya a gidan zama. Abin mamaki, kayan tara zafin rana masu tsada da aka ɗora wa gidan ba su daɗe ba aka cire su. Bango mai kauri da dabarar akwatin iska su ne suka yi tasiri.

Daga nan abu ya bazu. A 1982 gwamnatin Kanada ta ƙaddamar da shirin R-2000 na gidaje masu tattalin makamashi, wanda ya wajabta sanya na'urar canza iska. A 1991 masanin kimiyyar lissafi da makamashi Wolfgang Feist da abokansa suka kammala jerin gidaje huɗu a unguwar Kranichstein ta birnin Damshtat a Jamus, mafarin tsarin Passivhaus. A wannan tsari, dole na'urar ta ƙwato aƙalla kashi 75 cikin ɗari na zafin da ke fita.

Yaya akwatin yake aiki?

Ka ɗauka fanka ɗaya na zuƙo iska daga kicin da banɗaki tana turawa waje. Ɗaya kuma na jawo ta waje, ta tace ta, ta kai falo da ɗakunan kwana. A tsakiyar akwatin hanyoyin biyu suna gogar juna ta cikin ɗaruruwan siraran hanyoyi na roba ko alminiyom. Iskokin ba sa gauraya, amma zafi na ratsa bangon da ke tsakaninsu, domin zafi kullum daga inda ya fi yawa yake gangarawa zuwa inda ya yi ƙaranci.

Ga lissafi. A waje digiri 20 ƙasa da sifili, a ciki digiri 20. Tazara 40 ke nan. Na'ura mai ƙwato kashi 80 cikin ɗari za ta dawo da 32 daga ciki, sai iskar waje ta iso ɗaki tana digiri 12. Abin ɗumama gida zai ƙara 8 kawai maimakon 40.

Shekarun farko sun koya wa masu girkawa darussa masu ɗaci. Danshin iskar da ke fita kan daskare a cikin akwatin ya toshe shi, dole aka ƙara tsarin narkar da ƙanƙara da tiyon zubar da ruwa. An gano cewa idan fanka ɗaya ta fi ɗaya ƙarfi, gidan zai dinga zuƙo iska ta tsagogi, har da hayaƙin murhu, don haka ake auna su a daidaita. An koyi nisanta bakin shigar iska daga bakin fitarta, da nannaɗe bututun da ke zuwa waje. An kuma koyi cewa na'ura mai ƙara maigida kashe ta yake yi, matatar da ba a canzawa kuma toshewa take.

Mu fa da ke ƙasar zafi?

Juya lissafin. Watan Afrilu a Kano ko Sakkwato, waje digiri 41, ɗakin AC digiri 25. Tazara 16. Da irin wancan akwati, sabuwar iska za ta shigo tana kusan digiri 28, domin mai sanyin da ke fita ta karɓe mata zafi. Matatar kuma za ta tare ƙurar hunturu. Inda damshi ya yi yawa, kamar Legas ko lokacin damina, akwai 'yar'uwarta ERV, wadda ke musayar damshi tare da zafi. Kamfanin Mitsubishi Electric na Japan ya fito da irinta tun 1970, mai suna Lossnay, wadda cikinta takarda ce ta musamman.

Sai dai a faɗi gaskiya. Idan gidanka a buɗe yake, iska na shiga ta taga ta fita ta tsakar gida, ba ka da buƙatar wannan na'ura. Ribarta sai a ginin da aka toshe kuma ake kashe kuɗi wajen sanyaya shi: ɗakin otal, ofis, asibiti, ko sababbin gidaje masu tagar gilashi da silin ɗin POP. Tana kuma buƙatar wuta dare da rana, duk da cewa cinta kaɗan ne. Sannan ka riƙe wannan da kyau: ba ta maganin hayaƙin janareto ko kaskon gawayi a rufaffen ɗaki. Iskar kabon monokzayid ba ta da wari, kuma tana kisa cikin barci. Wurin janareto waje ne, nesa da taga.

Mutanen Kanada da Turai sun toshe gidajensu kafin su tanadi hanyar iska, suka kwashe fiye da shekara goma suna gyara kuskuren. Mu yanzu muka fara toshe namu. Idan kana gini, tambayi injiniyanka ta ina sabuwar iska za ta shigo kafin a rufe silin. Idan kuma ɗakin AC kake kwana, ka riƙa buɗe tagogi na ɗan lokaci safe da yamma, ka ga ko nauyin kan nan zai ragu.