Daga Dutsen Niƙa Zuwa Gidan Burodi: Tarihin Dusa a Cimarmu

Gabatarwa

A yau idan likita ya tabbatar wa mutum cewa yana da ciwon suga, ko ƙiba ta yi masa yawa, cikin sharuɗɗan da zai gindaya masa akwai barin farin burodi da komawa ga na cikakkiyar alkama, wato wanda ba a raba garinsa da dusa ba. Magidanci a Gella, hedikwatar ƙaramar hukumar Mubi ta Kudu, zai iya jin wannan magana bambaraƙwai, domin a saninsa dusa rabon awaki ce da kaji. Wannan maƙala za ta bi sawun yadda dusa ta fice daga akushinmu, da yadda take neman komowa ta ƙofar asibiti.

Cimar Kaka da Kakanni

Gella tana ƙasar Gude, a gindin duwatsun Mandara, inda dawa ta daɗe tana zaman uwar abinci. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya ratsa Mubi a 1851 kan hanyarsa daga Kukawa zuwa Yola, tuwo da kunu ne cimar jama'a. Ba wai ba a san alkama a Arewa ba. Ana nomanta da rani a fadamun Kano da Barno, amma abincin sarakuna ce da attajirai, wadda ake sarrafawa a yi alkaki da funkaso da taliya da gurasa.

Gaskiya ne iyayenmu mata sukan surfa hatsi su bakace kafin niƙa. Sai dai turmi da taɓarya ba sa iya tsiraita ƙwaya kakaf, dutsen niƙa kuma ba ya mayar da ita laushi kamar hoda. Saboda haka wani kaso na dusa kan tsira har cikin tukunya, tuwon ya yi nauyi, ya riƙe cikin manomi tun hantsi har la'asar.

Zuwan Fulawa

Ƙwayar alkama kashi uku ce: dusar da ta lulluɓe ta, da farin cikinta wanda ya kai kusan kashi 83 cikin 100, da kuma ɗan idon da tsiro ke fitowa daga gare shi. Daga shekarun 1870 injinan niƙa na ƙarfe suka bazu a Turai, waɗanda ke iya ware farin shi kaɗai. Dalilin na kasuwa ne. Idon yana da maiƙo, yana sa gari saurin lalacewa, ita kuwa farar fulawa takan jure doguwar tafiya a jirgin ruwa.

Ta bakin teku burodi ya shigo, ya biyo hanyar jirgin ƙasa wadda ta iso Kano a 1911, ya sami gindin zama a barikokin soja da makarantun kwana. An kafa kamfanin Flour Mills of Nigeria a 1960, injinsa na Apapa ya fara aiki a 1962. Da kuɗin man fetur suka yawaita a shekarun 1970, sai alkamar Amurka ta yi ta kwararowa, teburin mai shayi ya zama wurin karin kumallon ɗalibi da lebura da direba, tun daga Ikko har Mubi.

Masana biyu, Gunilla Andrae da Björn Beckman, sun kira wannan hali tarkon alkama a littafinsu na 1985, domin ƙasa ta saba da abincin da ba ta iya noma wadatarsa. Gwamnatin Janar Babangida ta hana shigo da alkama a 1987, aka ɗora fata kan noman rani a Kadawa da Bakolori da gaɓar Tafkin Chadi. Abin da aka noma bai isa ba, aka janye hanin a 1992. Abin lura shi ne, duk wannan taƙaddama a kan inda za a samo alkama aka yi ta, ba a kan abin da injin ke cire mata ba.

Komowar Dusa

Abin da aka cire ɗin nan shi ne likitoci ke nema a yau. Dusa na ɗauke da zare-zaren da ke rage saurin shigar suga cikin jini, su sa mutum ya daɗe bai ji yunwa ba. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci baligi ya sami aƙalla giram 25 na irinsu kullum.

To amma mai zaɓen burodi ya yi hattara, kada ya ruɗu da kyan ɗan maciji. Duhun launi ba shaida ba ne, don ana iya rina farar fulawa da ƙonannen suga. A duba rubutun jikin leda: cikakkiyar alkama ce ya kamata ta zo farko a jerin kayan haɗi. Na gaskiya yakan yi nauyi a hannu, da ɗan gautsi a baki. Shi ma ba a ci masa ƙoshi, yanka ɗaya ko biyu ne gwargwadon abin da likita ya tsara. Wanda bai samu ba, ya auni alkama ko dawa ko gero a kasuwar Mubi, ya kai inji ba tare da surfe ba.

Kammalawa

Tarihi ya nuna ba don lafiyarmu aka tace fulawa ba, don ta jure ajiya ne da tafiya. Mun ɗauki farinta alamar wayewa, muka bar wa dabbobi mafi amfanin ƙwayar. Yanzu ga shi ana sayar mana da ita da tsada a kantuna, alhali tana cikin rumbunan Gella. Hausawa dai sun riga sun faɗa, da tsohuwar zuma ake magani.