Mega nawa aka sayar maka? Lissafin da muka gada daga tsohuwar waya

Kwanakin baya wani mai saurare ya kira mu daga Tasawa ransa a ɓace. Ya ce ya biya kuɗin intanet na "mega 8", amma in yana sauke abu, mega ɗaya kawai yake gani a kan kwamfuta. Ya ce cin amana ne. Muka ce masa malam, a wannan karon dai ba a cuce ka ba, mega biyu ne masu suna ɗaya. Mai sayar da layi da megabit yake auna sauri, kwamfuta kuma da megaokte take auna kaya, irin Mo da Go ɗin da muke gani a forfe. Okte ɗaya bit 8 ne. Raba 8 da 8, ga ɗaya ɗinka.

Wannan 8 ɗin ta yi tsohon tarihi da wayar tarho, kuma muryar ɗan Adam ce ta kafa ma'aunin.

A 1937 wani injiniya ɗan Ingila, Alec Reeves, da ke aiki a Paris, ya fito da dabarar mayar da murya lambobi. Daga baya aka tsaida ƙa'ida: na'ura za ta ɗanɗani muryar mai magana sau 8000 a daƙiƙa guda, kowane ɗanɗano ta rubuta shi da bit 8. Ninka su, ka samu bit dubu 64, wato kilobit 64 a daƙiƙa. Kira ɗaya kenan. Ku riƙe wannan lamba, don ita ce tiyar da aka auna duk sauran hatsin da ita.

Amurka ce ta fara ɗaure kiraye-kiraye dami-dami. A 1962 ta buɗe layin T1 mai ɗaukar kira 24, saurinsa kilobit 1544. Turai ta ƙi bin sahu, ta yi nata damin mai suna E1: hanyoyi 32, kilobit 2048, amma 30 ne na magana, biyu na tsara zirga-zirga ne. Mu nan tsarin Turai muka gada. Shi ya sa tsofaffin ma'aikatan waya in sun ce "layin mega biyu", E1 suke nufi.

Sai RNIS, wanda Faransa ta fara a 1987, aka san shi da sunan Numéris. Shi ya kawo wa gida ko ofis hanya biyu masu 64, in an haɗa su 128. Yau yaro zai yi dariya, amma ga ma'aikatan rediyo babban abu ne. Manyan tashoshin duniya sun yi shekaru suna ɗauko wakilansu da wasannin ƙwallo ta wannan layi, don 128 ɗin naka ne kai kaɗai, ba ya raguwa don maƙwabci ya hau. Mu a ganinmu wannan amanar ce aka rasa da aka koma rububin da ake yi yanzu.

Bari mu gwada da kayan aikinmu. Rahoton minti uku da aka naɗa a kan kilobit 128 yana kusan Mo 3. A layin 64, okte dubu 8 ne ke wucewa a daƙiƙa, sai ka jira minti shida, har shayi ya huce. A RNIS mai hanya biyu, minti uku. A E1, kamar daƙiƙa 12.

Zaren gilashi, wato fibar, shi ya sauya komai. A 1966 Charles Kao ya nuna cewa gilashi mai tsabta zai iya kai haske nesa da saƙo a ciki, aikin da ya ba shi kyautar Nobel a 2009. To amma kamfanoni ba za su zubar da tsofaffin layukansu ba, dole sabon ya ɗauki tsohon. A 1988 aka amince da tsarin SDH, matakinsa na farko STM-1, megabit 155 da ɗoriya. Cikinsa ana loda E1 guda 63, kira 1890 kenan a lokaci guda. Rahotonmu na minti uku ba zai kai rabin daƙiƙa ba. Daga nan ninki huɗu-huɗu ake hawa: STM-4 megabit 622, STM-16 kusan gigabit 2 da rabi, STM-64 kusan gigabit 10.

Abin da ya fi burge mu shi ne, STM-1 ma sau 8000 yake tura ƙunshinsa a daƙiƙa, kowane ƙunshi okte 2430. Hasken da ke gudu cikin gilashi, da kiɗan tsohuwar tarho yake taka rawa.

Nijar ba ta da teku, manyan wayoyin kuwa ƙarƙashin teku suke. SAT-3, da ta fara aiki a 2002, tana sauka Kotonu, daga can fibar ta hauro ta Gaya da Doso zuwa Yamai. A watan Yulin 2009 wayar ta samu matsala, intanet ya tsinke ko ya yi rauni a Benin da Togo da Nijar da Najeriya. An sake ganin irin haka a watan Maris na 2024, da wayoyi da dama suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma. Gigabit ɗin da ke takarda bai hana kowa zaman jira ba.

Don haka in an zo maka da tallar mega, tambayi na wane ne. In megabit ne, raba shi gida takwas. Sannan ka tambaya ko naka ne kai kaɗai ko da unguwa kuke raba shi, don shi ke sa layin da ke gudu da asuba ya koma rarrafe bayan isha'i. Shi dai mutumin Tasawa, mun lissafa masa: mega 8 ɗinsa daidai yake da tsofaffin layukan 64 guda 125, kuma in hanya ta yi kyau, Go ɗaya zai ci masa kamar minti 17.