Kwalba Biyu a Bakin Titi: Tarihin Gauraya Fetur da Baƙin Mai a Paraku da Jugu

Tun kafin a ji ƙugin inji a arewacin ƙasar da ake kira Benin a yau, Jugu da Paraku zangon fatake ne. Ayarin Hausawa masu zuwa Gwanja sayen goro a nan suke sauka, kuma da wannan kai-komo ne unguwar Wangara ta Jugu ta bunƙasa. Layin dogo daga Kwatano ya iso Paraku a 1936, bai ƙara gaba ba, sai garin ya zama wurin sauke kaya daga jirgi a loda wa motoci masu zuwa Nijar. Garuruwan da sufuri ne abincinsu ba su yi jinkirin karɓar babur ba.

Ƙananan baburan da suka fara yaɗuwa a ƙasashen rainon Faransa, irin su Mobylette da Peugeot, da Yamaha Mate da ta biyo baya, duk masu inji ne mai bugu biyu. Irin wannan inji ba shi da ma'ajin baƙin mai a ƙasansa kamar na mota. Fetur ɗin da ke shiga cikinsa shi ke ɗauko man da zai shafe fistin da sauran ƙarafa masu gogar juna, sannan su ƙone tare. Saboda haka rayuwar injin ta rataya ga awo. Tsofaffin injuna sukan buƙaci kashi ɗaya na baƙin mai cikin kashi 25 na fetur, wato mililita 40 a kowace lita. Na baya-bayan nan, idan an sami mai na ƙwarai, kashi ɗaya cikin 50 ya ishe su, wato mililita 20. Idan mai ya yi kaɗan, fistin ya yi zafi ya kame, injin ya buga. Idan ya yi yawa, fulogi ya yi baƙi, salansa ta toshe da kunkunniya, hayaƙi ya turnuƙe. Kamfanin Yamaha ya fito da ɗan famfo mai yin wannan awo da kansa tun a 1964, amma idan famfon ya lalace, sau da yawa akan cire shi ne kawai a koma zubawa da hannu.

Abin da ya mayar da wannan lissafi na bakanike ya zama al'amarin gari duka shi ne talaucin ƙarshen shekarun 1980. Gwamnatin Mathieu Kérékou ta kasa biyan albashi, ma'aikata da ɗaliban da suka gama karatu suka hau babur suna ɗaukar fasinja. Sana'ar acaba, wadda a can ake kira zemijan, wato "ɗauke ni da sauri" a harshen Fon, ta tsiro ne a Porto-Novo, ta mamaye Kwatano, ta hauro arewa. A daidai lokacin, fetur mai rahusa na tsallakowa daga Nijeriya ta hanyar fasa-ƙwauri, kuma Paraku ba ta da nisa da iyakar Cikanda ta wajen Nikki. Wannan fetur, da ake kira kpayo, a kwalabe ake jera shi kan tebur a bakin titi, kamar yadda 'yan bumburutu suke yi a Kano.

A nan ne awo ya bar hannun kamfani ya koma hannun mai tebur. Kwalba biyu ce a gabansa: babba ta fetur, ƙarama ta baƙin mai, ma'auninsa kuwa murfi ne ko ido. Ɗan acaba kuma, wanda sau da yawa babur ɗin ba nasa ba ne, kullum sai ya kai wa mai shi kuɗin yini, ya san bugawar inji na iya cinye ribar makonni, alhali wanke fulogi aikin minti kaɗan ne. To, wane ɓangare zai karkata? Sai ya ce a ƙara. Ba jahilci ba ne, lissafi ne na mai tsoron asara, ko da yake huhunsa da na fasinjan da ke bayansa ba su shiga lissafin ba. Karya darajar kuɗin sefa da rabi a watan Janairu na 1994 ya ƙara dagula lamarin, domin man da aka yi musamman don irin wannan inji daga waje ake shigo da shi. Mai rahusa ya maye gurbinsa, har da baƙin man mota, wanda ba a yi shi don ya ƙone tare da fetur ba, kuma yakan bar toka a kan fistin.

Kwatano ce ta yi ƙaurin suna da shuɗin hayaƙi, amma tebur ɗin da kwalaben iri ɗaya ne a hanyar Paraku zuwa Jugu. Abin da ya rage hayaƙin ba gyaran awo ba ne. Injin ne ya sauya. Daga shekarun 2000 baburan Sin da na Indiya masu bugu huɗu, irin su Haojue da Bajaj, suka cika kasuwa. Su baƙin mansu a ma'ajinsa yake, tanki fetur zalla yake sha.

Duk da haka ƙaramar kwalba ba ta ɓace ba. Zarton inji da ake yanka katako da shi a dazuzzukan kudancin Jugu mai bugu biyu ne, haka ma ƙaramin janareta da masu cajin waya da masu aski suke tayarwa idan an ɗauke wuta. Da shugaban Nijeriya Bola Tinubu ya janye tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, farashin kpayo ya yi tsalle cikin 'yan kwanaki, sai mai janareta ya koma sayen rabin lita. Rabin lita kuwa, a awon ɗaya cikin 50, mililita 10 take buƙata, wato ƙaramin cokalin shayi biyu.