Daga Wasiƙar Ajami Zuwa WhatsApp: Yadda Saƙo da Taimako Suka Sauya a Sabo

 

Ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami. A azumin da ya wuce liman ya yi tafiya, ni na ja sallar la'asar a masallacin layinmu. Da muka sallame sai wani matashi ya tare ni da fara'arsa, ya miƙo mini waya. Hoton wata baiwar Allah ce a ƙofar ɗakinta da 'ya'yanta uku, an rubuta a ƙasa a taimaka wa marayu, ga lambar asusu. Ya ce, "Malam, kwana biyu kacal mun haɗa mata kuɗin hayar shekara." Na san matar, don ni na yi wa mijinta wanka. Na sa wa yaron albarka, amma na koma gida jikina a sanyaye. Tun ranar nake tunanin yadda iyayenmu suka riƙa taimakon juna a wannan unguwa kafin waya ta zo, da abin da muka samu, da abin da ya zube mana a hanya.

Sabo ta Badun an kafa ta a 1916, lokacin da hukuma ta keɓe wa Hausawa wuri a gefen Mokola. Kafin nan mutanenmu a warwatse suke cikin gari, a gidajen Yarbawa. Jirgin ƙasa ya iso Badun a 1901, a 1912 kuma aka haɗa layin Ikko da Kano. Shi ya buɗe kasuwa biyu da suka gina unguwar nan: shanu su gangaro Kurmi, goro ya hau Arewa. Duka biyun kuwa a kan amana suke tafiya. Mai shanu zai sauka gidan maigidansa, a ba shi ɗaki da abinci, dillali ya sayar wa mahauta bashi, maigida shi ne ya tsaya. In mahauci ya gudu, maigida ya biya. Wani malamin jami'a daga Ingila, Abner Cohen, ya zauna cikinmu a farkon shekarun 1960, ya fitar da littafi a 1969 a kan wannan tsari. Har tsarin bara ya rubuta, yadda makafi da guragu da kutare kowa ke da sarkinsa a unguwa.

Abin lura shi ne, hanyar da ciniki ke bi ita taimako ke bi. Baƙo ya faɗi ciwo, maigidansa ne zai ɗauki nauyi. Ya rasu, maigida ya sayi likkafani, ya ƙirga abin da ya bari a gaban shaidu, ya aika wa magada. In abin ya fi ƙarfinsa, a kai ga Sarkin Sabo da limamai, a yi magana bayan salla, a shimfiɗa mayafi kowa ya jefa abin da ya sawwaƙa. Ba a cika faɗin sunan mai buƙata ba, sai dai a ce "wani ɗan'uwanmu". Jama'a su bayar, don sun san bakin da ya faɗa. Kun ga nan akwai abu biyu a haɗe: akwai shaida, akwai sutura.

Saƙo zuwa gida kuma sai da haƙuri. Mahaifina, Allah Ya ji ƙansa, in zai aika wa kakata kuɗi, malamin zaure yake zuwa ya rubuta masa wasiƙa da ajami. A naɗe kuɗin a ciki, a ba wanda zai raka huhun goro a jirgi ko a mota. Yana ba mu labarin zamanin fam da sule, kafin naira ta zo a 1973. Amsa takan yi wata guda. Sau da yawa labarin rasuwa yakan iso bayan an yi sadakar bakwai, mutum ya zauna shi kaɗai ya yi kukansa, maƙwabta su zo su yi masa gaisuwa. Da muka taso sai zamanin kaset ya zo. Mahaifiyata ba ta rubutu, to sai a danna mata rakoda ta yi ta magana, ta gaida kowa da sunansa, a ba direba. In kaset ɗin amsa ya dawo, gidan duka a taru a tsakar gida a saurara, har a maimaita sau uku. Wasu kuma su aika gaisuwa ta Zaɓi Sonka a Rediyon Kaduna. Wayar NITEL tana nan, amma sai gidan wane da wane, ko ka bi layi a ofis, sannan a can gida sai an aika yaro ya kira wanda kake nema.

A 2001 wayar salula ta shigo Najeriya. Layi kaɗai tsadarsa ta fi ƙarfin talaka, minti ɗaya N50, shi ya sa 'yan lema suka cika bakin titi suna ba da hayar kira. Da Glo ta zo a 2003 da lissafin daƙiƙa, abin ya fara sauƙi. Daga nan sai Facebook, sai WhatsApp, sai tura kuɗi ta waya da masu POS a kowace kwana. Yau babu masallaci ko ƙungiyar 'yan kasuwa ko dangi da ba su da zaurensu a WhatsApp.

Ba zan ɓoye alherin abin ba, don na gani da idona. A watan Fabrairun 2021 da rikici ya tashi a kasuwar Shasha, aka ƙona shaguna da gidaje, mutanenmu da yawa suka fito da kayan jikinsu kawai. Ta waya aka riƙa cigiyar yara da mata, ta waya aka san inda ake buƙatar abinci da tabarmi, ta waya 'yan'uwa daga Kano da Sakkwato da Agege suka turo gudummawa a yini guda. A zamanin mahaifina wannan sai a yi makonni. Amma a wannan makon dai na ga ɗaya fuskar. Aka riƙa yawo da hotuna da bidiyo, wasu na gaskiya, wasu tsofaffi ne daga wani wuri daban, ana cewa ga abin da ake yi wa Hausawa a Badun yanzu-yanzu. Iyayenmu a gida hankalinsu ya tashi. Ni kaina sai da na kira yayata na rantse mata cewa Sabo lafiya lau take. Allah Ya umarce mu a Suratul Hujurati da mu binciki labari kafin mu yi aiki da shi, amma yatsa ya fi hankali sauri.

Sai kuma farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, da takardar naira ta yi wuya. Masu waya da asusu sun lallaɓa da turansifa. Makaho da ke zaune a ƙofar masallaci fa? Tsohuwa mai sayar da ƙuli-ƙuli fa? Almajiri fa? Mai niyyar sadaka yana nan, amma babu canji a aljihunsa. A nan na gane cewa taimakon da ke bin waya yana tsallake wanda ba shi da waya, alhali shi ne ya fi kowa buƙata.

A cikin gida ma haka abin yake, zuma da harbi. Maiɗakina kullum sai ta yi wa mahaifiyarta saƙon murya, kaset ɗin da ne ya dawo, sai dai yanzu amsa ba ta minti biyar. Jikokina da aka haifa a nan, waɗanda Yarbanci ya fi kama bakinsu, suna ganin kakanninsu a bidiyo suna gyara Hausarsu. Haihuwa, suna, ɗaurin aure, rasuwa, duk a take ake ji. Mata da ke cikin gida suna sayar da turaren wuta da atamfa da abinci ba tare da sun ɗora wa 'ya'yansu talla ba, har adashi ta waya suke zubawa. Wannan ci gaba ne, alhamdu lillahi.

To amma ku duba tsakar gidanku bayan isha'i. Da, lokacin hira ne da tatsuniya da tilawa. Yanzu kowa ya sunkuyar da kai, uba da tasa, uwa da tata, yaro yana TikTok. Sulhun aure nawa aka kira ni a kai, in ka bi diddigi sai ka tarar daga abin da wata ta ɗora a waya ne don kishiya ko dangin miji su gani. Ga kuma nauyin da ya ƙaru a kan ɗan ci-rani. Da, sau ɗaya ko biyu a shekara ake aiko masa da buƙata. Yanzu ya sa sabuwar shadda ranar Juma'a ya ɗauki hoto, kafin magariba saƙo biyar sun shigo, kowa na ganin ya yi kuɗi a Kurmi, alhali wataƙila bashi ya ɗinka. Ni ma an taɓa cin kuɗina: hoton wani yaro a gadon asibiti, na tura, na kuma tura wa abokai su ma suka bayar, bayan wata biyu na ga hoton nan dai da wani suna da wata lambar asusu.

Mu koma ga matar nan mai marayu. An biya mata haya, gaskiya ne, kuma yaran da suka yi aikin niyyarsu mai kyau ce, Allah Ya ba su lada. Amma ta yi makonni ba ta leƙa ko gidan suna ba. Babbar 'yarta ta daina zuwa Islamiyya, don yara na nuna ta suna cewa ga 'yar bara ta waya. Da maiɗakina ta je duba ta, cewa ta yi, "Yaya, da na san haka za a yi da na haƙura da korar mai gidan haya." An rufa mata asiri ta gefe ɗaya, an tona ta ɗaya gefen. Addininmu ya yaba wa mai ɓoye sadakarsa, ya kuma gargaɗe mu kada mu ɓata ta da gori da cutarwa. Hoton nan kuwa har gobe yana cikin wayoyin mutane.

Ba cewa nake a jefar da waya ba, ni ma da ita nake sanin farashin wake da masara a Dawanau kafin in buɗe shago a Bodija. Roƙona shi ne mu mayar mata da abu biyun nan na iyayenmu. Na farko shaida: kada a ɗora neman taimako a zauren unguwa sai mutum biyu sanannu sun je sun gani da idonsu, sun sa sunansu, kuɗin kuma ya shiga asusun masallaci ko na ƙungiya, a karanta lissafi a gaban jama'a. Na biyu sutura: ba fuska, ba suna, ba ƙofar gida, musamman mata da marayu. "Wani ɗan'uwanmu" ya ishe mu kamar yadda ya ishi na gabanmu. Sannan kowane layi a samu dattijo ko dattijuwa da za su riƙa zagayawa da ƙafa, su nemo masu kunyar roƙo da waɗanda ba su da waya. A gida kuma, ko rabin awa ne bayan isha'i, a kife wayoyi a dubi fuskar juna.

Allah Ya rufa mana asiri duniya da lahira, Ya ji ƙan magabatanmu da suka kafa mana wannan unguwa, Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu.